Dokar taimaka wa majinyaci ya mutu

Dokar taimaka wa majinyaci ya mutu, wadda 'yan jarida kan kira dokar kisan jinƙai, doka ce da ke halatta wa likita ya taimaki baligi mai hankali, wanda ciwonsa ba na tashi ba ne, ya kawo ƙarshen rayuwarsa idan shi da bakinsa ya nema. Ƙasashen da suka yi ta ba su da yawa, akasarinsu a Turai da nahiyar Amurka da yankin Ostireliya. Najeriya ba ta da irinta, ko a tarayya ko a jiha, kuma mutanen Kaduna sun fi jin labarinta a rediyo duk lokacin da wata majalisar ƙetare ta kaɗa ƙuri'a. Abin da ya ɗaure ta da batun asibitin gwamnati tambaya ce da ba a rasa ta a kowace majalisa: wanda bai samu magani ba, bai samu abin kashe raɗaɗi ba, in ya ce ya gaji da rai, zaɓi ya yi ko tilas ce ta sa shi?

Rabe-rabe

Masana doka sun raba abin gida uku. Akwai inda likita ke yin allurar da hannunsa, kamar a Holan da Beljiyam. Akwai inda yake rubuta maganin kawai, majinyacin ya sha da kansa, kamar a Suwizalan da jihar Oregon ta Amurka. Na uku, wato dakatar da jinyar da ba ta da sauran amfani ko cire na'urar numfashi, yawancin ƙasashe ba sa lissafa shi cikin kisa.

Tarihi

An kai ƙudurin irin wannan gaban majalisar jihar Ohayo ta Amurka a 1906, ya faɗi. A Birtaniya, Lord Ponsonby ya gabatar da nasa a majalisar dattawa a 1936, shi ma bai kai labari ba. Cikin waɗanda suka yi magana a kan kada a yi dokar har da likitan fada, Lord Dawson, wanda ke ganin a bar lamarin a hannun likitoci. Sai a 1986 aka gano daga littafin ajiyar bayanansa cewa a farkon wannan shekara ta 1936 shi ne ya gaggauta mutuwar Sarki Joji na Biyar da allurar mofin da hodar iblis.

Daga 1939 gwamnatin Hitila ta fake da sunan jinƙai ta hallaka naƙasassu da masu taɓin hankali, kimanin mutum 70,000 kafin watan Agustan 1941. Wannan ta'asa ta rufe bakin masu neman dokar na tsawon shekaru, kuma har gobe masu adawa na kafa hujja da ita.

Suwizalan ta bi wata hanya dabam. Sashe na 115 na kundin laifukanta, wanda ya fara aiki a 1942, bai hukunta wanda ya taimaki wani ya kashe kansa sai in da son zuciya a ciki. Ta wannan kafa ce ƙungiyar Dignitas, da aka kafa a 1998, ke karɓar baƙi daga wasu ƙasashe. Mutanen Oregon sun amince da tasu dokar ta ƙuri'ar raba gardama a 1994, ta soma aiki a 1997. Yankin Arewacin Ostireliya ya yi tasa a 1995, majalisar tarayya ta soke ta bayan shekara biyu. Holan ta zartar a 2001, aka fara aiki da ita a Afrilun 2002. Beljiyam ta biyo baya a 2002, Lukzambag a 2009, Sifaniya da Niyuzilan a 2021.

Kanada ce aka fi jayayya a kanta. Kotun ƙoli ta buɗe ƙofar a 2015, majalisa ta yi doka a 2016, sannan a 2021 aka cire sharaɗin cewa sai ajali ya matso. A 2023 sama da mutum 15,000 ne suka mutu ta wannan hanya, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa ashirin a ƙasar. Masu fafutukar haƙƙin naƙasassu na cewa talauci da rashin muhalli na ingiza wasu. Gwamnati na cewa sharuɗɗan sun wadatar. An ɗage shigar da masu ciwon ƙwaƙwalwa zalla zuwa Maris na 2027.

A Afirka, wata babbar kotu a Piritoriya ta Afirka ta Kudu ta ba wani lauya mai ciwon daji, Robin Stransham-Ford, izini a 2015, amma ya rasu sa'o'i kaɗan kafin a karanta hukuncin, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shi a 2016.

Muhawarar Landan da Faris

Dokar Ingila ta 1961 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda ya taimaki wani ya kashe kansa. A 2015 majalisar wakilai ta yi watsi da ƙudurin sassauta ta da ƙuri'a 330 a kan 118. Bayan shekara tara sai lissafi ya juya: ranar 29 ga Nuwamban 2024 ƙudurin 'yar majalisa Kim Leadbeater ya tsallake karatu na biyu da 330 a kan 275, ya kuma tsallake na uku ranar 20 ga Yunin 2025 da 314 a kan 291, kafin ya wuce majalisar dattawa inda aka yi masa ruwan gyare-gyare. Ya shafi baligin da likitoci biyu suka tabbatar bai wuce wata shida a duniya ba. Jam'iyyu ba su ɗaure kowa ba, kowa ya bi zuciyarsa.

Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya ƙi ƙudurin, hujjarsa kuwa ita ce kulawar da ake ba masu ciwon ajali ba ta kai yadda za a ce mutum na da zaɓi na gaskiya ba. Gidajen jinyar irin waɗannan majinyata a Ingila sun fi dogara da sadakar jama'a. Abin da gwamnati ke ba su bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Ministar shari'a ta lokacin, Shabana Mahmood, wadda Musulma ce, ita ma ta ƙi. Masu goyon baya sun ce mai kuɗi na tafiya Suwizalan, talaka ne kawai dokar ke tsarewa.

Faransa ta raba ƙudurin gida biyu. Ranar 27 ga Mayun 2025 majalisar wakilai ta amince da na taimakon mutuwa da 305 a kan 199, na inganta kulawar masu ciwon ajali kuwa ba wanda ya ƙi shi.

Matsayin addini

Malaman Musulunci ba su saɓa ba wajen haramta shi. Sukan kafa hujja da aya ta 29 a Suratun Nisa'i da ta hana mutum kashe kansa, da hadisin da ya hana burin mutuwa saboda wata cuta, ya koyar da a roƙi Allah ya zaɓa wa bawa mafi alheri tsakanin rayuwa da mutuwa. A ra'ayin da ya fi shahara a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a kotunan Musulunci na Arewa, ko mamacin ya ce "kashe ni, na yafe", ƙisasi bai faɗi ba. Cire na'ura hukuncinsa dabam: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu. Cocin Katolika ta haramta kisan jinƙai a sanarwarta ta 1980, tare da yarda cewa ba dole ba ne a ci gaba da jinyar da ta zama wahala kawai. A Kaduna, garin da addini ya sha raba kan jama'a, wannan na cikin batutuwan da limamin Tudun Wada da faston Sabon Tasha ba za su yi musu a kai ba.

Dokar Najeriya

Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa. Amma asalin hukuncin da ake bi a Arewa ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma a Kaduna aka ƙera shi. A 1958 gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin alƙalin alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da mai shari'a Muhammad Sharif na Fakistan da Farfesa Anderson na Landan. Shawararsu ce ta haifi kundin laifukan da ake kira Final Kod, wanda majalisar Jihar Arewa ta zartar a zauren Lugga (Lugard Hall) da ke Kaduna a 1959, ya fara aiki ana jajibirin samun 'yancin kai a 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860.

Daga can ya gaji wani abu da kundin Kudu ba shi da shi. A sashe na 222, idan wanda ya haura shekara 18 ya yarda a kashe shi, laifin na nan amma ba na hukuncin kisa ba ne. Sashe na 228 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara goma ga mai taimaka wa wani ya kashe kansa, na 231 kuma shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin. A Kudu yardar mamaci ba ta rage komai, taimakon kuma ɗaurin rai-da-rai ne a sashe na 326. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017, a majalisar da har yanzu ke zama a wannan zaure.

Shari'ar da lauyoyi suka fi ambata ita ce ta Dakta Okonkwo, wadda kotun ƙoli ta yanke a 2001. Wata majinyaciya mai bin ɗariƙar Shaidun Jehoba ta ƙi a ƙara mata jini, likitan ya mutunta ra'ayinta, ta rasu. Kotun ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali na da ikon ƙin magani ko da hakan zai kai shi kushewa.

Abin da aka riƙa tattaunawa a Abuja a 2025 shi ne daina hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kamar yadda Gana ta yi a 2023.

Samun magani a Kaduna

A takarda tanadin ba shi da laifi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, abin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a kori mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta KADCHMA wajen 2018, ta kuma ɗauki shirin gyara asibiti guda a kowace mazaɓa cikin 255. Sai dai alkawarin kiwon lafiya a tsarin mulki yana babi na biyu ne, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun jama'a yake fitowa.

Manyan asibitocin jihar sun haɗa da na koyarwa na Barau Dikko, mai sunan likitan farko daga Arewa, haifaffen Wusasa. Da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Da na Gwamna Awan a Kakuri. Da asibitin sojoji na 44. Da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda ake tura masu ciwon daji daga jihohi da dama domin a gasa ciwon da na'ura.

Yadda jinyar doguwar cuta ke gudana a Arewa sananne ne. 'Yar jinya na shimfiɗa tabarma a baranda, da filas da buta da ƙullin kaya. Likita ya rubuta takarda, ɗan'uwa ya tsallaka titi zuwa kemis ya sayo allura, ruwan ƙari, wani lokaci har safar hannu. Mai wankin ƙoda na buƙatar zuwa sau biyu ko uku a mako, kowane zuwa da kuɗinsa. A sayar da akuya, a sayar da babur, a jinginar da gona, a yi yekuwa a masallaci bayan Juma'a ko a coci ran Lahadi. Ranar da aljihu ya ƙare, babban gida ya sa hannu a takardar cewa su ne suka nemi sallama, a ce "a kai shi gida, sai addu'a". Doka ba ta kiran wannan da kowane suna, majalisa ma ba ta taɓa kaɗa ƙuri'a a kansa ba.

Kulawar sauƙaƙa raɗaɗi

Cicely Saunders ce ta assasa wannan fanni a Landan a 1967. A Najeriya ya soma kafuwa a Ibadan wajen tsakiyar shekarun 1990 a hannun Farfesa Olaitan Soyannwo, asibitin koyarwa na can ya buɗe masa sashe a 2007. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudancin Najeriya, ta yaɗa amfani da ruwan mofin mai arha a Yuganda daga 1993, har aka ba ma'aikatan jinya da aka horar damar rubuta shi. A Najeriya maganin ya fi samuwa a manyan asibitocin koyarwa, kuma tsoron shaye-shayen kodin da tiramol ya sa likitoci da iyalai da dama na ɗari-ɗari da shi.