Za ku buɗe lig ɗin Fantasi a bana? Ga abin da ake tambaya kafin a buga wasan farko

Da zarar Agusta ya kama, a kowace majalisar 'yan ƙwallo daga Samaru zuwa Tudun Wada a Zariya sai ka ji wani ya ce a buɗe mana lig. Buɗewar ba ta cin minti biyar. Wahalar tana wajen riƙe mutum ashirin har watan Mayu ba tare da an ɓata ba, kuma yawancin rigimar da ke tashi a Mayu tun a Agusta aka shuka ta.

Ni ban taɓa yi ba, kullum sai dai in ji ana musu a gidan kallo. Mene ne Fantasin?

Wasa ne na gasar Firimiyar Ingila da ake yi a waya ko kwamfuta, sunansa Fantasy Premier League, kyauta ne, kuma tun kakar 2002/03 ake yin sa. Za a ba ka fam miliyan 100 na wasa, ka sayi 'yan ƙwallo 15: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Ba ka da ikon ɗaukar fiye da mutum 3 daga ƙungiya guda, don haka mai son Arsenal ba zai kwaso Arsenal gaba ɗaya ba. Kowane mako ka fitar da 11, kuma dole a samu gola ɗaya, 'yan baya aƙalla 3, 'yan tsakiya aƙalla 2, ɗan gaba aƙalla ɗaya. Abin da suka yi a fili na gaske shi ke zame maka maki. Mako 38 ne a kaka.

Lig kuwa teburi ne na ku kaɗai. Tawagarka ɗaya ce, ko lig nawa ka shiga da ita.

Iri biyu na gani wajen buɗewa. Wanne ya fi dacewa da majalisa?

Na farko, wanda aka rubuta wa Classic, na tara maki ne: duk abin da ka samu daga makon farko zuwa na ƙarshe ake haɗawa, mai mafi yawa shi ne zakara. Na biyu, Head-to-Head, na gaba-da-gaba ne: kowane mako a haɗa ka da mutum ɗaya, in ka fi shi maki ka ci 3 a teburi, canjaras maki 1. In yawanku mara ne, manhajar takan cike gurbin da wata tawaga mai ɗauke da matsakaicin makin makon.

In wannan ne karonku na farko, ku fara da na tara maki, ya fi sauƙin fahimta. Amma na gaba-da-gaba ya fi riƙe mutane, domin ko wanda ke can ƙasan teburi yana da abokin tsokana a wannan makon. Sai dai shi ba ya karɓar baƙo bayan an fitar da jadawali, ke nan sai kowa ya shigo kafin makon da aka sa a fara. Babu laifi a buɗe duka biyun, tunda tawaga ɗaya ce ke aiki a ciki.

Bayan ka buɗe za a ba ka lambar shiga. Ita za ka tura wa mutanenka. Kada ka manna ta a Facebook, in ba haka ba ka wayi gari da mutum ɗari da ba wanda ya san su. In kun yi lig ɗin bara, akwai wajen sabunta shi, ba sai an faro daga tushe ba.

Yaushe ya kamata a rufe ƙofa? Wasu sai an yi nisa suke cewa a sa su.

A lig na tara maki, wanda ya shigo a makare yana shigowa ne da makin da ya riga ya tara tun daga makon da lig ɗin ya fara ƙirge. To ka ga ƙofar wayo. Mutum zai yi shiru har mako na 6, in ya ga tawagarsa ta yi kyau ya ce a ba shi lamba, ya faɗo saman teburi. In ta yi muni ya ce shi bana ba ya yi. Maganin abin shi ne a sa rana tun farko, a rubuta ta a zauren WhatsApp, ranar na cika mai kula da lig ya shiga saituna ya rufe. Mako na 2 ko na 3 ya isa. Wanda ya buɗe tawaga a mako na 3 ya sani cewa makonni biyun da suka wuce sifili ne, ba wanda zai rama masa.

In ɗalibai ne suka fi yawa, kamar a Samaru ko Kongo, kuma wasu ba su dawo daga hutu ba, ana iya sa lig ɗin ya fara ƙirge daga wani mako na gaba. Hakan ya fi a bar ƙofa a buɗe.

Malam, maganar kuɗi fa? Wasu na cewa kowa ya zuba, zakara ya kwashe.

A nan gizo ke saƙa. Shi wasan ba ya karɓar ko sisi. Kuɗin da ke shiga lig ku kuka shigo da shi. Kuma abin da malamai suka daɗe suna faɗa a kan gasa a fili yake: in duk masu fafatawa suka zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe, sauran suka tashi a tutar babu, to caca ce, ko da me aka kira ta. In kuwa wani na gefe wanda ba ya cikin masu takara ne ya sa kyautar, hukuncin daban ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je wurin malaminsa kafin a fara, ba bayan ya ci ba.

Ko a ajiye batun addini, kuɗin zubi ne ke kashe lig fiye da komai. Wata tara ba kwana tara ba ne. Wanda aka ba ajiya buƙata za ta taso masa, ya taɓa da niyyar mayarwa. Wasu su ce za su biya in albashi ya shigo, sai su ga sun faɗa na 17 a teburi, shi ke nan an daina ɗaga waya. Ranar rabo kuma zakara ya ce a cika masa abin da aka yi alkawari, mai ajiya ya ce ai mutum bakwai ba su biya ba. Abota ta shekara goma ta ɓaci a kan abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce a nemi mai ɗaukar nauyi. Mai gidan kallon da kuke zama yana iya cewa gwarzon wata ya yi kallo kyauta a watan gaba. Shi ma ribarsa ce, domin lig ɗin ne ke cika masa benci har a wasan ƙananan ƙungiyoyi. Wani babban yaya a majalisa wanda ba ya wasan yana iya sa rigar ƙwallo ga zakara, mai shayi ya sa shayi da ƙwai. Kyautar ba sai ta yi yawa ba. A dai faɗe ta tun yanzu, a faɗi mai bayarwa, a faɗi ranar bayarwa. Tun ran gini, tun ran zane.

Me ya sa wasu ke kukan an rufe musu canji alhali wasa bai fara ba?

Saboda ana rufewa ne minti 90 kafin wasan farko na makon, ba kafin wasan 'yan ƙwallonka ba. In akwai wasa daren Juma'a da ƙarfe 8, to 6:30 na yamma an rufe, ko da duk mutanenka sai Lahadi za su buga. Ga shi lokacin mutum na haramar magariba, ko yana cikin Keke Napep a cunkoson Kwangila, waya na nuna sanda ɗaya, ya danna tabbatarwa abin na ta juyawa, kafin ya buɗe agogo ya ce 6:31. Kyaftin ɗin makon jiya, wato ɗan wasan da ka zaɓa a ninka makinsa, shi ne zai ci gaba da ɗaure da kambu, ko yana jinya. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka tsara tawagarka ka ajiye tun daren Alhamis, in wani labari ya fito ka gyara.

Akwai kuma batun agogo da ke rikita mutane duk shekara. Daga farkon kaka zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, lokacin Ingila da na Najeriya ɗaya ne. Daga nan sai su ja agogonsu baya da awa ɗaya har Lahadin ƙarshe ta Maris. Wasan Asabar na 12:30 da ake rufe wa canji 11 na safe a Zariya cikin Satumba, a Disamba 12 na rana ake rufewa. Haɗarin yana Maris, lokacin da aka saba da 12 sai abin ya koma 11. Aikin mai kula da lig ne ya riƙa tura lokacin rufewa da agogonmu, kwana ɗaya kafin ranar.

Yaya ake ƙirga makin?

Wanda ya buga ƙasa da minti 60 maki 1, minti 60 zuwa sama maki 2. Ƙwallo a raga: ɗan gaba 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6. Wanda ya ba da aka ci, 3. In ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ba, gola da 'yan baya da suka kai minti 60 suna samun 4, ɗan tsakiya 1. Gola na samun 1 a duk tarewa uku, 5 in ya kaɗe fenareti. Ana kuma cirewa: katin gargaɗi 1, jan kati 3, cin gida 2, ɓarar da fenareti 2, sannan gola da ɗan baya na rasa 1 a duk ƙwallo biyu da aka zura musu. Waɗanda suka fi taka rawa a wasa ana ƙara musu 3, 2 da 1. A kakar 2025/26 aka ƙaro maki 2 ga mai yawan tare hari da ƙwace ƙwallo. Kusan duk shekara ana ɗan taɓa dokokin, don haka mai kula ya karanta na bana kafin ya yanke wa kowa hukunci.

Makin kyaftin ana ninka shi biyu. In bai buga ba sam, mataimakinsa ya gaje shi.

Wace shawara za a ba sababbi wajen zaɓen farko?

Su duba wanda ke buga minti 90, ba wanda suke so ba. Ɗan wasan da ke shigowa a minti na 80 ya fi wanda bai buga ba cutarwa: ya kawo maka maki 1, ya kuma hana na benci shigowa, domin manhajar tana musanya wanda bai taka fili ba ne kawai, bisa jerin da ka yi wa bencin. Su duba jadawalin makonni biyar ko shida na farko. Su yi hattara da sababbin saye kafin a ga inda koci zai ajiye su, tunda kasuwar 'yan wasa ba ta rufewa sai an buga wasanni biyu ko uku.

Masu tsada kuwa, ɗaya ko biyu kuɗin ke iya ɗauka. A 2024/25 Haaland ya fara a fam miliyan 15, amma Salah, wanda bai kai shi tsada ba, shi ya tara maki 344, adadin da ba a taɓa kai wa ba kafin nan. A shekarar da gasar kofin Afirka ta faɗo tsakiyar kaka, kamar ta Maroko da aka fara a Disamban 2025, wanda ya cika tawaga da 'yan Afirka don kishi zai nemi mafita a lokaci guda.

Canji nawa ake da shi, kuma me ake nufi da cire 4?

Kafin rufewar makon farko, canza ko sau nawa. Bayan nan kyauta ɗaya ce a mako, kuma ana iya tara su har 5. Duk wanda ya wuce na kyauta, maki 4 ake zare maka. Sabon shiga yakan ga ɗan wasa ya ci biyu a makon farko ya zare 8 don ya kawo shi da wasu biyu, mako na gaba mutumin ya tashi da maki 2. Farashi ma na motsi da 0.1 bisa yawan masu saye da sayarwa, kuma rabin riba kawai ake ba ka: ka saya 7.0 ya kai 7.4, a 7.2 za ka sayar.

Akwai katunan taimako huɗu. Wildcard na ba ka damar rushe tawaga ka sake gini ba tare da an cire maki ba. Free Hit ma haka, amma na mako ɗaya ne, tsohuwar tawagarka ta dawo. Bench Boost na ƙirga makin benci. Triple Captain na ninka kyaftin uku. Ɗaya kawai ake bugawa a mako. Masu haƙuri kan jira makon da wasu ƙungiyoyi ke buga wasa biyu saboda kwantan wasanni.

Zuwa Nuwamba rabin mutane sun watsar. Ya ake hana haka?

Wanda aka ba tazarar maki 150 ba abin da zai sa ya ci gaba, sai in an ba shi wani abin nema. Teburin na tara maki yana nuna sakamakon wata-wata, don haka a riƙa fitar da gwarzon wata; kowa na farawa daga sifili. A kuma riƙa sanar da wanda ya fi kowa maki a mako da wanda ya zo na kashin baya, a yi masa tsiya daidai gwargwado. Tsiyar ta tsaya a kan tawaga. Da ta fara taɓa iyaye ko aljihu, mai kula ya tsawatar.

In aka yi kunnen doki, ko aka kama mai tawaga biyu?

A na tara maki, manhajar na ɗora wanda ya fi ƙarancin canji a sama, ban da canjin da aka yi da Wildcard ko Free Hit. Ku amince da wannan tun yanzu, ko ku rubuta naku. Tawaga biyu kuwa dokar wasan ce ta hana, mutum ɗaya tawaga ɗaya. Dabarar da aka saba gani ita ce a buɗe ta biyu da sunan ƙane ko mata. Kafin a rufe ƙofa, mai kula ya bi teburin suna bayan suna, kowa ya amsa tasa a zaure. Wadda ba mai ita a cire ta a ranar, tun ba ta hau saman teburi ta sami masu kare ta ba.