Mummunan Borin Jiki ga Maganin Kashe Zafi Yayin Duba Hanyar Numfashi

Kafin likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki don duba maƙogwaro da huhu, aikin da ake kira bronkoskopi, yakan fesa maganin da ke kashe jin wurin domin rage tari da yunƙurin amai. Lidoken ne aka fi amfani da shi. Wani masanin kimiyya, Nils Löfgren, ya haɗa shi a Suwidin a 1943. Jefi-jefi jikin wani yakan yi wa maganin mummunan bore, wato anafilaksis: cikin mintuna fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya riƙa fito, ƙarfin bugun jini ya faɗi warwas. Abin da ke ƙara haɗarin shi ne, hanyar da ke kumburar ita ce bututu yake ciki.

Magungunan kashe jin sun kasu gida biyu. Gidan esta, irin su proken da benzoken, jiki na narkar da su zuwa sinadarin PABA, wanda ya fi tayar da bore. Gidan amaid, inda lidoken yake, da wuya ya yi haka. Wani lokacin ma laifin na sinadarin adana maganin ne, ko robar safar hannu.

Hasali ma, yawancin abin da ake laƙaba wa sunan alaji, wato borin jiki, ba shi ba ne. Wani suma yake yi don tsoro. Wani maganin ne ya yi masa yawa, domin fatar cikin huhu tana tsotse shi da sauri: sai ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, kunne na ƙara, daga nan jijjiga. Benzoken kuwa yana iya hana jini ɗaukar iskar oksijin har leɓe ya yi shuɗi. Maganin wannan shi ne metilin bulu, sai dai yana fasa ƙwayoyin jinin masu ƙarancin G6PD (sinadarin da ke kare ƙwayoyin jini), matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma.

Idan anafilaksis ne, a tsayar da aikin, a yi wa babban mutum allurar adirenalin miligiram 0.5 a tsokar cinya, a maimaita bayan minti 5 in ba sauƙi, a sa oksijin da ƙarin ruwa. Ana ɗibar jini don auna tiriptes, sinadarin da ke ƙaruwa a jini yayin anafilaksis, sannan bayan mako 4 zuwa 6 a yi gwajin fata don gano takamaiman sinadarin da kuma maganin da zai iya maye gurbinsa.