Maketin ba cusa kai ba ne

Kwanakin nan duk inda ka juya maketin, maketin. Mai saida turaren wuta ta ce tana maketin, yaron ɗan siyasa ya ce yana yi wa oga maketin, har a rediyo sai mutum ya bugo waya ana tsakiyar maganar ƙarancin ruwan famfo a Sakkwato, ya yi gaisuwa ɗaya ya hau faɗin sunan shagonsa da lambar waya. Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya kenan, an maida kalmar lasisin shisshigi, ka faɗo wa mutane da hajarka in an yi magana ka ce ai maketin ne.

Talla fa ɗan yanki ce kawai a ciki. Tun 1960 wani malamin jami'a a Amurka, Jerome McCarthy, ya kasa maketin gida 4: kayan kansa, farashi, hanyar da kayan zai isa hannun mai saye, sannan talla. Mu sai muka rungume ta ƙarshen muka watsar da ukun.

Kuma wallahi mu Sakkwatawa mun fi kowa sanin ciwon wannan. Dubi fatar jan akuyarmu. Mu munka yi kiwo, majemanmu sunka jeme ta sunka rina, ayari ya ɗauka ya ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita, amma da wane suna Turawa suka san ta? Fatar Maroko. Wanda ya riƙe hanya da bakin kasuwa shi ya tafi da sunan, mai akuya ko labarinsa babu. Ko albasarmu yau, manomi ya saida da arha lokacin kaka don ba ya da inda zai aje ta ba ta ruɓe ba, wani ya kai Kudu ya ci ribar, wannan matsalar maketin ce tsantsa kuma ba ihu ke gyara ta ba.

To ba wai na ce kada ka shiga majalisar mutane don a san ka ba, ɗan kasuwa dole ya shiga jama'a. Amma zauren wani ne, da ladabinsa. Ka yi sallama, ka saurari abin da ake tattaunawa, in kana da sani a kai ka bayar tsakani da Allah. A ce ana kukan batirin sola ba ya ƙarko, kai kuma sana'arka kenan, ka bayyana masu cewa tatse shi har ƙasa kullum da ɗora masa firij da dutsen guga ke kashe shi da wuri, ka yi shiru. Wani dattijo zai juyo ya ce "ɗana, kai mi kaka saidawa?" Nan ne wurin faɗin shago, kuma sau ɗaya ya isa. Wanda ya zo da "gaskiya ne Alhaji, Allah ya saka" na ƙarya don kawai ya sami kafar zaro katin tallan shagonsa, kowa na gane shi. Masu raba kati a zaman makoki kuwa, haba jama'a, ku ji tsoron Allah.

Mafi muni shi ne mai tsayawa bakin shagon maƙwabci ana cikin ciniki ya raɗa wa kwastoma "zo nawa ya fi sauƙi". Manzon Allah (SAW) ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma tsofaffin dillalan Kara har yau ba su sa baki sai mai saye da mai dabba sun rabu.