Mai jego da gurbin aikinta: abin da sashe na 54 ya tanada

Wata maƙwabciyarmu a Birnin Kebbi tana aiki a wani kamfanin ruwan leda. Da cikinta ya tsufa, manaja ya ce ta je ta sauka lafiya, amma in ta wuce mako uku da haihuwa ba ta dawo ba, zai ɗauki wata. Ta shigo gidanmu da yamma, ƙafafu a kumbure, ta ce: "Yaya, wai haka doka ta ce?" Ko kusa.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai ciki hutun mako 12. Shida kafin haihuwa, da zarar ta kai takardar likita mai nuna haihuwar ta kusa, shida kuma bayan ta sauka. Na farkon haƙƙinta ne, in tana da ƙarfi tana iya ci gaba da zuwa aiki. Na biyun kuwa ba na ciniki ba ne. Doka ta hana mai kamfani ya sa ta aiki a cikin makonni shidan nan, ko da ita ce ta roƙa. Kwana 42 ke nan, wato ta gama wankan jego, ta yi arba'in, har da rarar kwana biyu.

Kuɗi fa? In ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin ba yankewa, dole a biya ta aƙalla rabin albashinta duk tsawon hutun. Rabi ya yi kaɗan a wannan tsadar, ga hidimar suna, amma dai shi ne mafi ƙarancin da aka yarda. Kuɗin asibiti kam ba ya wuyan mai kamfani.

Haramun ne a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ko tana jinyar da likita ya tabbatar daga cikin ko haihuwar ta taso. Bayan ta koma, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, a cikin lokacin aiki.

Sai dai dokar ta fi kare masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, takardar ɗaukar aikinsu ake dubawa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma tsarinsu daban: hutunsu ya fi wannan tsawo, kuma da cikakken albashi.

Matsalar maƙwabciyarmu ita ce da baki aka ɗauke ta, ba ko 'yar takarda. Na ce ta adana saƙon banki na shigar albashinta na kowane wata, ta yi hoton takardar likita kafin ta miƙa. Da su za ta tafi ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, in abin ya faskara kuma sai Kotun Ma'aikata.