Waiwaye: Yadda Mai Fitila Ya Ɓace Daga Wurin Ɗaukar Fim

Muhawarar da masu kallon finafinai masu dogon zango ke tafkawa a 'yan kwanakin nan, daga majalisun Tudun Wada har zuwa ɗakunan ɗalibai a Samaru, ta ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: me ya sa fuskar ɗan wasa ke fitowa ko dai a dushe kamar an barbaɗa mata toka, ko kuma fari fat har mai kallo ya kasa shaida wanda ya sani? Wasu na ɗora laifin a kan man shafawa, wasu a kan masu tace hoto, wasu kuma na cewa rashin kyamara mai tsada ne. Matsalar ta girmi dukkan waɗannan.

Farkon tarihin sananne ne. Finafinan majigi na zamanin Turawa da Shaihu Umar na 1976 an ɗauke su ne a kan zaren fim na asali, wanda ba a ganin abin da ke cikinsa sai an wanke shi, saboda haka auna haske ya zama tilas. Gidan talabijin na Kaduna da ya fara aiki a 1962 yana da fitilunsa na ɗakin shiri. Daga nan sai fim ɗin Turmin Danya ya buɗe zamanin bidiyo a Kano a 1990.

Abin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba shi ne shigowar ƙananan kyamarorin MiniDV, waɗanda suka fito kasuwar duniya a 1995, suka kuma yaɗu a hannun masu ɗaukar biki da masu fim a shekarun da suka biyo baya. Ba su da nauyi, hotonsu ya fi na VHS tsabta, suna iya gani a ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ke ci, kuma suna daidaita haske da kansu. Wannan na ƙarshe shi ne tushen lamarin. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara ba ta san fuska ba. Tana tattara duk abin da ke gabanta ne ta mayar da shi tsaka-tsaki, don haka idan dattijo mai duhun fata ya sa farar babbar riga da rawani ya tsaya a rana, sai ta ga fari ya yi yawa ta tsuke ƙofar haske, rigar ta fito tas, fuskar ta nitse.

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar hoto a zauren wani tsohon gida a cikin birnin Zazzau ya san wannan wahala. Ciki duhu ne, bakin ƙofa kuma rana ce tsagwaronta. Idon ɗan Adam na ganin biyun a lokaci guda, amma ƙaramar kyamara dole ta zaɓi ɗaya: ko ƙofar ta ƙone ta zama farin fili, ko na zaune a kan tabarma ya zama inuwa. Maganin da masu sana'ar suka sani tun da daɗewa mai araha ne, wato fitila ɗaya a gefe ko farin allo da zai mayar da hasken rana kan fuska. To amma da yake kyamarar na fitar da hoto ko ba fitila, kuma ana son gama ɗauka cikin 'yan kwanaki, sai mai fitila ya zama na farko da ake cirewa daga kasafin kuɗi. Waɗanda suka koyi aikin a lokacin ba su tarar da shi ba balle su gaje shi. Faifan VCD, wanda hotonsa ɗigo 352 ne a faɗi da 288 a tsaye, ya rufa wa wannan naƙasa asiri a kan ƙananan talabijin na wancan zamani.

Bayan 2008, da kyamarorin hoto irin su Canon 5D Mark II suka fara ɗaukar bidiyo, an samu salon da baya ke dushewa ɗan wasa ya fito sarai, aka kuma ɗauka shi ne inganci. Kyamarorin yau sun fi haƙuri da bambancin haske da duhu, kuma da yawa na ajiye hoton da launi a dushe, ba armashi, domin a gyara launinsa a kwamfuta. Sai dai mai tacewa ba ya iya dawo da abin da bai shiga kyamara ba. Idan ya ɗaga fuskar da aka ɗauka a duhu, ja da ruwan ƙasan da ke cikin fata su ne ke fara gudu, ɗigo-ɗigo su bayyana a kumatu, kuma allon wayar da ake riƙewa kusa da ido ba ya ɓoye ko ɗaya daga cikinsu.