Allon Bidiyo a Cikin Mujallun Takarda

Allon bidiyo a cikin mujalla fasahar talla ce da ake cusa ɗan siririn allo, haɗe da batir da lasifika, a tsakanin kwali biyu, sannan a manna shi cikin mujallar takarda. Da zarar mai karatu ya buɗe shafin sai bidiyon ya kama aiki, kamar yadda katin gaisuwa mai kiɗa ke yi.

Asali

Mujallar Esquire ta Amurka ce ta share fage a watan Oktoba na 2008, lokacin da ta cika shekara 75. Ta fitar da kwafi 100,000 masu bango na takardar lantarki ta E Ink, sai dai rubutu ne kawai ke walƙiya, ba bidiyo ba. Bidiyo na ainihi ya fito ne a mujallar Entertainment Weekly ta ranar 18 ga Satumba, 2009, a wata tallar haɗin gwiwa ta gidan talabijin na CBS da kamfanin Pepsi. Kamfanin Americhip na Los Angeles ne ya ƙera allon: kaurinsa milimita 2.7, yana ɗaukar bidiyon minti 40, kuma ana iya sake cajinsa. Wasu masu rajista a New York da Los Angeles kaɗai aka aika wa.

A 2012 Entertainment Weekly ta sake gwadawa da tallar tashar talabijin ta CW mai nuna saƙonnin Twitter kai tsaye, a kwafi 1,000 kacal. Da masu bin diddigi suka farke shafin, sai ga kayan cikin wayar Android, har da layinta. Wato abin da aka kira shafi mai motsi waya ce aka lulluɓe da takarda. A shekarar ce kuma mujallar Marie Claire ta Birtaniya ta saka bidiyon tallar turaren Dolce & Gabbana.

Abin da ya daƙile ta

Babban cikas shi ne kuɗi. Buga takarda na ƙara sauƙi idan kwafi ya yi yawa, amma kowane allo da batirinsa sai an biya, har kuɗinsa ya zarce na mujallar da ke ɗauke da shi. Ga dokokin aika batirin litiyam ta gidan waya, ga matsalar shara, tunda mujalla mai batir ba ta shiga sahun takardun da ake sake sarrafawa sai an ciro shi.

Lokaci ma bai taimaka ba. Wata bakwai bayan tallar CBS aka fara sayar da iPad, kwamfutar hannu ta kamfanin Apple, wayoyin zamani kuma suka cika hannaye. Lambar QR, wato zanen murabba'i da ake haskawa da kyamarar waya, wadda tawada kawai take ci, tana kai mai karatu ga bidiyo a allon da ya riga ya mallaka.

Makoma

Fasahar ba ta mutu ba, matsuguni ta canja. A yau an fi ganinta a ƙasidun talla da katunan gayyata masu tsada da ake bugawa kaɗan don zaɓaɓɓun mutane. Masu kyautata zato na sa rai ga wasu siraran allunan bidiyo masu lanƙwasuwa da ake kira OLED da batiran da ake bugawa kamar rubutu, amma ko sun yi arha, da wuya su kai takarda arha. Kuma mujallun da suka yi gwajin ma sun ja baya: Marie Claire ta Birtaniya ta dakatar da bugun takarda a 2019, Entertainment Weekly ta bi sahu a 2022.