Kammala doguwar tafiyar ƙafa a gaɓar teku: tambayoyi da amsoshi

Akwai masu ɗaukar hutu su yi makonni suna bin gaɓar teku a ƙafa, jaka a baya. A Ingila akwai hanyar da ake kira South West Coast Path, mai tsawon mil 630, wato kimanin kilomita 1,014, daga Minehead zuwa bakin tashar ruwan Poole, kuma yawancin masu yin ta a jere sukan ɗauki mako bakwai zuwa takwas. Ta ƙasar Wales, wadda aka buɗe a 2012, ta kai mil 870. Kowa yakan shirya wa ranar fita, amma kwanakin ƙarshe da makon da ke biye su ma suna bukatar nasu shirin.

Tunda jiki ya saba, me zai hana in haɗe zango biyun ƙarshe in gama da wuri?

Kada ka yi. Numfashi da tsoka suna ƙarfi da sauri, amma ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi ba sa bin su da wannan saurin, sai mutum ya ji kamar zai iya ninka tafiyarsa alhali ƙafa tana ɗauke da gajiyar makonni. Ga shi kuma hanyar gaɓar teku ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Duk inda rafi ya shiga teku sai ka gangara ka sake hawa. Idan aka tara hawan da ke cikin waccan hanya ta Ingila ya kai kusan mita 35,000, kusan tsayin dutsen Everest sau huɗu. Gangara ce ke cin gwiwa, kuma a nan gajiyayye yake zamewa. Ka bar zangon ƙarshe ya zama gajere, kamar rabi ko kashi biyu cikin uku na abin da ka saba yi a rana.

Me ya fi hana mutane isa ƙarshe a ranar da suka tsara?

Cikar teku da janyewarsa. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25 ne, saboda haka lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Mashigin da ka wuce jiya da ƙarfe goma ƙafa a bushe, bayan kwana uku ba zai buɗe ba sai wajen sha biyu da rabi. Ruwan kuma ba ya hawa da gudu ɗaya: a awa ta uku da ta huɗu bayan ya fara cikowa yake kawo rabin tsayinsa gaba ɗaya. Shi ya sa mutum zai ga yashi fili, ya tsaya cin abinci a gindin dutse, kafin ya ɗaure jaka ruwa ya rufe hanya gaba da baya. Kwanakin tsayuwar wata da cikarsa ruwa ya fi hawa, ya fi janyewa.

Ka duba jadawalin ruwa na tashar da ta fi kusa da inda kake, kada ka yi aiki da na wani gari. A waccan hanya ta Ingila, a kogin Erme da ke yankin Devon babu gada a bakin teku, ana ratsawa ne a ƙafa cikin awa ɗaya kafin ruwa ya gama janyewa ko awa ɗaya bayansa. Wasu jiragen fito sai da bazara suke aiki. Kusa da ƙarshen hanyar, a Lulworth, akwai filin atisayen harbi na soja da ake rufewa mafi yawan ranakun aiki. Idan ruwa ya tare ka a Birtaniya, ka kira 999 ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓar teku, kuma kada ka gwada hawan bangon dutse, domin yana zubewa.

Yaushe zan sayi tikitin komawa?

Ka bar kwana ɗaya fanko tsakanin ranar gamawa da ranar tafiya, ko ka sayi tikitin da ake iya sauya masa rana. Ƙarshen irin waɗannan hanyoyi sau da yawa tsinin ƙasa ne da babu tasha, don haka ka san lokacin motar ƙarshe tun da safe.

Bororo da baƙin farce fa?

Bororon da bai fashe ba kuma ba ya hana takawa, ka rufe shi da filasta ka ƙyale shi. Wanda ya cika ya yi tauri, ka wanke hannu da wurin, ka huda gefensa da allura mai tsabta, ka matse ruwan a hankali, amma kada ka yanke fatar sama, ita ce murfin da ke kare naman ƙasa. Yashi shi ne babban mai laifi a nan: ƙwaya kaɗan a cikin safa mai danshi tana goge fata kamar sanfefa. Duk lokacin da ka bar rairayi, ka zauna ka kakkaɓe takalmi da safa, ka share tsakanin yatsu. Farcen da ya yi baƙi saboda bugun gaban takalmi a gangara yakan faɗi da kansa, sabon kuma yakan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Idan ka ga mugunya, ko ja yana bazuwa, ko zazzaɓi, sai asibiti. Mai ciwon sukari kada ya huda komai da kansa.

Wane ciwo ne zai wuce da kansa, wane ne ba a wasa da shi?

Tsamin jiki da kumburin ƙafa biyu sukan sauka cikin 'yan kwanaki idan ana ɗaga ƙafa sama da ƙirji ana ɗan tattaki. Abu uku ne ke bukatar likita. Na farko, ciwon da za ka iya nuna wurinsa da yatsa ɗaya a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, yana ƙaruwa in ka taka, domin yana iya zama tsagewar ƙashi. Na biyu, sha-raɓa guda ɗaya ta kumbura ta yi zafi, musamman bayan dogon zama a jirgi ko mota, wannan alamar gudan jini ce, in kuma numfashi ya fara wuya to gaggawa ce. Shi ya sa a hanyar komawa ake so ka riƙa tashi kana motsa ƙafa, kana shan ruwa. Na uku, jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe da ya fito tsakanin kwana 3 zuwa 30 bayan cizon kaska. A Turai da Amurka kaskar ciyawa tana ɗauke da cutar Lyme, ka faɗa wa likita inda ka yi tafiya.

Yaya zan yi da kaya idan na dawo?

Gishiri ne ke kashe su, yana busar da fata ya sa zik tsatsa. Ka cire igiya da shimfiɗar cikin takalmi, ka wanke da ruwan famfo da buroshi mai laushi, ka cusa tsohuwar jarida ka ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka kai shi kusa da wuta, gam ɗin tafin zai saki. Tanti a shanya shi a ranar da aka dawo, domin in ya kwana biyu a naɗe da danshi fumfuna ta kama shi. Sandunan tafiya a zare su gaɓa-gaɓa a ɗauraye, in ba haka ba su maƙale.

Ana ba da takardar shaida?

A wasu hanyoyin. Ƙungiyar da ke kula da waccan hanya ta Ingila tana bayarwa ga wanda ya kammala. Masu bin hanyar gaɓar teku daga Porto a ƙasar Portugal zuwa Santiago a Sifaniya sai sun nuna littafin da ake buga musu hatimi a wuraren da suka bi, hatimi biyu kowace rana a kilomita 100 na ƙarshe.

Me ya sa wasu ke shiga damuwa bayan sun gama?

Jikin da ya saba da awa shida ko bakwai na tafiya a sarari, da manufa guda ɗaya kowace safiya, ya wayi gari a kujera. Barci yakan rikice, yunwa kuma ba ta raguwa nan take, sai nauyi ya dawo da sauri idan aka ci gaba da cin abincin hanya. Kada ka tsaya cak: bayan hutun kwana biyu ko uku, ka riƙa tattakin minti 30 zuwa awa ɗaya da safe ba tare da jaka ba, ka jinkirta gudu da ɗaukar nauyi har mako biyu. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ka aiki ko barci, ka ga likita.